Sunan da Alhaji Bai Taɓa Kira Ba

Da maigidana ya yi ritaya, ni ce na fara shan wahalar hutunsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana fita da sassafe duba gadoji da tituna, sai ga shi a gida daga asuba har isha'i, ba abin yi sai sa ido. Ya gano ban iya jera kwanuka a injin wanki ba. Ya gano firjinmu yana wani ƙara da bai yarda da shi ba. Ranar da ya tsaya a kaina yana tambayar dalilin da ya sa nake soya albasa kafin in zuba tattasai, na ajiye ludayi na kira 'yarmu a waya, na ce ta zo ta nema wa ubanta sana'a tun kafin a ji mu a bakin duniya.

Ita ce kuwa ta samo masa. Wani gidan ajiye tsofaffin takardu ne ya ɗauki hotunan rajistar ma'aikatan jiragen ruwa na zamanin da, lokacin da babu inji, iska ce ke tura jirgi ta hanyar manyan zannuwan da ake ɗaurawa a dogayen itatuwa. Rubutun hannu ne, tawada ta koɗe, kwamfuta ba ta iya karantawa, shi ya sa suke neman masu sa kai su zauna a gidajensu su kwafe. Kowane shafi layi-layi yake: sunan mutum, shekarunsa, inda aka haife shi, aikinsa a jirgi, albashinsa, sai gidan ƙarshe da ke faɗin yadda ya rabu da jirgin. Mai kwafa ba a ba shi ko sisi.

Ni Bazazzagiya ce, shi Bakano, don haka ina da lasisin faɗa masa abin da na ga dama. Na ce, "Alhaji, Bakano da aikin kyauta? Bari in buga waya gida a fara yi maka addu'a."

Ya ce, "Ke dai ba ki da aiki. Kwana biyu zan yi, don kada yarinya ta ji ba daɗi."

Abin da ya ƙara ba ni dariya shi ne mutumin nan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ya tsara gadoji, amma in muna tsallake kogin Potomac na nan Amurka a mota, ido ɗaya a kan titi, baki yana salati. Ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan unguwarsu, shi ɗin ma daga nesa, don mahaifiyarsa ta ce akwai abin da ke jan yara a ciki. Wannan shi ne mutumin da ya sauka ɗakin ƙasa na gidanmu a Springfield, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya shiga teku bai sake fitowa ba.

Rubutun mutanen da wuyar karatu gare shi, sai ya gano in ya faɗi kalma da ƙarfi kunnensa kan kama abin da idonsa ya kasa. Daga nan gidanmu ya zama makarantar firamare da safe. Ina kicin ina jin muryarsa tana tasowa ta ƙasan bene, yana kiran sunayen mutanen da suka mutu tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Turawan Ingila, mutanen Fotugal, 'yan tsibirai, baƙaƙen fata na nan ƙasar. Yakan kira suna, ya dakata, ya sake kira da wata murya, har sai ya zauna masa daidai a baki. Wani lokaci in ji ya ce, "Yawwa, kai ne ashe," kamar ya haɗu da tsohon abokin makaranta a kasuwar Kwari.

Ba a daɗe ba matattun nan suka fara zuwa cin abinci da mu. Zai zauna gaban tuwo ya ce, "Hajiya, kin san kukun nan na jiya? Ashe shi ne dai na jirgin makon da ya wuce. Ya canja jirgi, kuma an rage masa albashi."

In ce, "Allah sarki. Sai ka miƙa masa gaisuwata."

Jinin Kano kuwa bai ɓuya ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda kyaftin ke sayar wa ma'aikata riga da takalmi da taba a tsakiyar teku, inda ba wani shago, sannan a cire daga albashi. Mutum ya yi watanni yana jan igiya a cikin sanyi, ya sauka ba abin kirki a hannunsa. Alhaji yakan ture kwano ya ce wannan ba ciniki ba ne, fashi ne da alƙalami. Ya yi ta ciniki da kyaftin ɗin da ya zama ƙasa tuntuni, yana faɗa masa kuɗin da ya kamata a sayar da rigar. Na ce masa ya yi haƙuri, kotun da za ta saurari ƙarar nan ba a duniya take ba.

Sau ɗaya ya jawo wa kansa magana. Ya ci karo da wani mai sunan Musulmi, gidan ƙarshe ya ce ya faɗa ruwa ba a same shi ba. Alhaji ya kwafe yadda yake, sannan hannunsa ya ƙara da "Allah ya ji ƙansa." Daga nan abin ya zame masa jiki, duk Musulmin da ya mutu sai ya bi shi da addu'a a rubuce. Wata dattijuwar Baturiya ce ke duba aikin masu kwafa, ta aiko masa da saƙo cikin ladabi, cewa dokar aikin ita ce a rubuta abin da ke shafi kawai, ba ƙari ba ragi. Ya karanta mini yana huci. Ya ce mutum ya mutu a ruwa, ba wanka, ba sallah, ba makoki, addu'ar ma a hana shi? Na ce ai ba ta hana bakinka ba, hannunka ta hana. Tun daga ranar ya koma yi da baki, sai dai da ƙarfi, yadda in Baturiyar tana kusa za ta ji.

Duk wannan kiran sunaye da ake yi a gidanmu, akwai suna guda da bai taɓa fita daga bakin Alhaji ba, shi ne na ɗanmu na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari. A kan yaron nan kuwa kunyar ta zama biyu, don da aka haife shi mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, Alhaji ya yi mini kara ya sa masa sunansa. Ga ɗan fari, ga sunan suruki. Ni ma ba na faɗa, sunan ubana ne. Ƙannensa suna ce masa Yaya, ni ina cewa Yayansu, abokan arzikinmu na masallaci suna cewa Mai Sunan Malam. Alhaji kuwa "kai" ne, ko "wannan yaron," in kuma ransa a ɓace yake, "ɗan naki."

A gida wannan ba komai ba ne, amma a Amurka kowane lungu sai an tambaye ka sunan ɗanka. Na ga Alhaji a gaban malamar makaranta, ta ce yaya sunan yaron, ya juya takarda ya ɗora yatsa a kai. Na ji shi a waya da 'yan inshora yana jero haruffan ɗaya bayan ɗaya, matar tana cewa ya faɗa mata kawai, shi kuwa ya sake komawa harafin farko. Ranar da yaron ya gama jami'a aka kira shi a lasifika, iyayen wasu suna ihu suna tsalle, Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Da muka dawo gida ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito idonsa jajir, ya ce furannin bazara ne ke damunsa. Ni in ta kama dole a asibiti ko ofis, ina faɗinsa ne yadda Turawa ke faɗa, a murɗe, in ce wa kaina wannan ba ya cikin lissafi.

Yaron ya taso shiru-shiru, ya yi karatun injiniya kamar ubansa, ya sami aiki a Alexandria, wani gari kusa da mu, a wani kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila. Ya kama ɗaki a ɗaya daga cikin dogayen benayen can, yana zuwa gida ƙarshen mako da kayan wanki. Mu kuma mun fara ƙyasa masa 'yan matan mutane a wajen biki da suna. Hausa yana ji tsaf, amma da Turanci yake mayarwa, ban da gaisuwa, wadda ubansa bai taɓa yarda a yi masa da wani harshe ba.

Wata Asabar bayan la'asar ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, bai tashi ba. Ya ce ya ajiye aiki. Ya daɗe yana wani kwas ba mu sani ba, ya ci jarrabawa, an ɗauke shi injiniya a jirgin dakon kaya. Zai riƙa yin watanni a teku. Jirginsa na farko daga tashar jiragen ruwa ta Baltimore zai tashi, kafin sanyi ya shigo.

Na dubi Alhaji, raina yana cewa kai ka jawo mana, kai ka cika gidan da teku. Shi kuwa ya cire tabarau ya ce, "Ban yarda ba."

Yaron ya fara bayani, ubansa ya ɗaga hannu. Ya ce shi ya san abin da ke gidan ƙarshe na shafi. Ya faɗo daga saman itace. Igiyar ruwa ta share shi. An bar shi a asibiti a wata ƙasa. Ya gudu a tasha, ba a sake jin labarinsa ba. Wanda ya mutu kuma, kayansa ake bajewa a sayar wa abokan aikinsa tun gawar ba ta kai ƙasan ruwa ba. Ya ce bai kawo ɗa ƙasar nan ya yi masa karatu don ya zama layi ɗaya a littafin wani kyaftin ba.

Na ce, "Alhaji, jiragen yanzu fa na ƙarfe ne, girmansu ya kai unguwa. Ba mai hawa itace. Har waya ana yi daga ciki."

Ya ce, "Tekun ma an canja ta?"

Ya tashi ya sauka ƙasa. Yaron ya tsaya a durƙushe har sai da na ce ya tashi. Tafiya dai zai yi, mun sani, ba ƙaramin yaro ba ne, takardu kuma ya riga ya sa hannu. Abin da ya rage shi ne ko zai tafi da albarkar ubansa ko babu. Ni abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ban ga yadda zan iya barci ba, ɗana yana kan ruwa, ubansa bai ce masa Allah ya yi maka albarka ba.

Na gwada dabara irin ta mata. A bakin ruwan tsohon garin Alexandria akwai wani jirgin katako da aka ƙera irin na da, ana shiga kallo. Na ce wa Alhaji ya kamata ya ga ofishin mutanen nan da yake kwafa da idonsa. Na kuma ce wa Yayansu ya same mu a can, kamar haɗuwa ce kawai. Alhaji ya sha babbar riga, ya taka katakon shiga da bisimilla. Jirgin yana ɗaure da igiyoyi, ruwan a kwance kamar na randa, amma bai yi nisa ba fuskarsa ta canja launi. Ya kama ƙarfe ya ce ƙasa tana tafiya. Yaron ya zabura ya riƙe masa hannu, ya fito da shi a hankali har kan benci. Da jiri ya sake shi, sai ya zare hannunsa ya ce, "Kai, sake ni, mutane na kallo." Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani ko? A ɗaure ma ke nan." Dabarata ta ƙare ne da sayen lemo mai sanyi.

Mako na gaba yaron ya zo ya kwashe wasu kayansa. Muna kicin ni da shi, ina soya masa dambun nama na guzuri, muryar Alhaji tana tasowa daga ƙasa kamar kullum, suna bayan suna. Ya tsaya yana saurare. Can ya ce mini da Turanci, a hankali, duk mutanen nan da suka mutu suna da suna a wurin Dadi, shi kaɗai ne "kai."

Na ce, "Haba, Yayansu, ai ka san al'ada ce. Don ka fi sauran a wurinsa ne."

Ya ce ya sani, an sha gaya masa. Ya ce ba faɗa yake yi ba, kawai dai yana so ya san yadda yake fita a bakinsa. Ya yi dariya don kada in damu, ya ɗebi dambu ya watsa a baki. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni har na bar naman ya fara kamu.

Na kai wa Alhaji maganar washegari da hantsi, tare da shayi, don magana mai nauyi ba na kai masa ita hannu rabbana. Ya yi tsalle ya dire. Ya ce shi mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan wansu ba, ko a gaban liman, kuma wansu bai taɓa ƙorafi ba. Ya ce 'ya'yan Amurka komai sai an faɗa musu da baki, har so ma sai an rubuta a kati an sa hannu. Ya ce sunan surukinsa ne, ko na manta? Na ce ban manta ba, ubana ne. Ya juya ga kwamfuta, alamar an rufe zance, ni kuma na ƙi fita, na ja kujera na zauna ina kallon aikin.

Shafin da ke gabansa akwai wani da aka rubuta an haife shi a Afirka. Ba gari, ba ƙasa, Afirka kawai. Sunan da aka ba shi na Turawa ne, gajere, irin wanda ake laƙaba wa mutum don sauƙin kira. A wurin sa hannu gicciye kawai ya yi. Alhaji ya kira sunan sau ɗaya, ya yi tsaki.

Ya ce, "Wannan ba sunansa ba ne. Uban yaron nan ya tara jama'a, wataƙila har rago ya yanka, aka raɗa masa suna. Wani ya ga ba zai iya faɗa ba, ya ba shi wanda ya ga dama. Yanzu ko ni da nake so in kira shi, ban san da me zan kira shi ba."

Na buɗe baki zan yi magana, sai muka ji Yayansu a saman bene yana waya da kamfanin jirgin. An tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ya faɗe shi yadda malamansa suka faɗa tun yana aji ɗaya, yadda abokan aikinsa ke faɗa, an ja inda ba a ja, an haɗiye inda ba a haɗiyewa. Sunan mahaifina, malamin da ake tasowa daga ƙauyuka a ɗauki karatu a zaurensa, ya fito kamar sunan maganin tari.

Alhaji ya ɗaga kai. Ya ce, "Haka yake faɗin sunansa?"

Na ce, "To a bakin wa zai ji na daidai?"

Ya mayar da tabarau, ya ci gaba da kwafa, amma ranar ban sake jin muryarsa daga ƙasa ba har aka kira azahar a wayarsa. Yaron in ya zo ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na daina sa baki, na koma roƙon Allah da haɗa guzuri: dambu, ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu. Yayansu ya ce akwai kuku a jirgin, na ce na ji labarin kukun jirgi a teburin nan har na gaji.

Ranar tafiya Alhaji ya riga ya ce ba za shi ba, yana da shafukan da zai gama. Na ɗauki makulli, yaron ya sa jakunkuna a bayan mota. Sai ga shi ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, har da turare, ya miƙo hannu. Ya ce, "Kawo. Ke ba ki san hanyar Baltimore ba." Ni da nake zuwa can gaisuwar mutane shi yana gida yana sauraron firji. Na ba shi.

Sai da muka tsallake gada, ya gama salatinsa, sannan ya fara magana, idonsa a kan titi, kamar da gilashin mota yake.

"Kada a karɓi komai bashi a wurin kyaftin. Ko riga ce, a haƙura."

Yaron ya ce to.

"Duk takardar da aka ba mutum ya karanta kafin ya sa hannu. Kuma a rubuta suna cikakke, ba zane ba."

Ya ce to.

"In an tsaya a wata tasha, kada a bi 'yan iska cikin gari. Wanda ya gudu, haƙƙinsa ya faɗi. A yi abota da kuku. In an ce a hau sama, a ce ba a iya ba."

Na ce, "Alhaji, a ɗakin inji zai zauna, can ƙasa."

Ya ce, "To in an ce a sauka ƙasa ma a yi hankali."

Na leƙa madubi na ga yaron ya toshe baki da hannu. Ni ma na juya ina kallon bishiyoyi. Wasiyyar da ta yi shekara ɗari da wani abu da tsufa ake ba shi, amma ita ce magana mafi tsawo da ubansa ya yi masa tun ranar da ya durƙusa a falo.

Ba a barin baƙi su shiga tashar, sai muka tsaya a wajen ƙofa inda motar kamfani ke ɗaukar ma'aikata. Daga nan ana hango saman jiragen, da akwatunan ƙarfe jibge kamar an gina gari a kansu. Iska tana kaɗawa da ƙarnin ruwa. Na rungume shi na yi kukana, ni ban iya ɓoyewa ba. Ya je gaban ubansa ya durƙusa a kan kwalta, direban motar yana kallo da mamaki. Alhaji ya dubi can wani wuri sama da kansa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Abin da zai ce wa direban tasi ma ke nan. Raina ya ɓaci, na ji kamar in fizge masa hula.

Yaron ya tashi ya saɓa jaka, ya kama hanyar motar. Ya kusa kaiwa.

Sai Alhaji ya kira shi.

Da muryar nan ta ɗakin ƙasa ya kira, mai ƙarfi, kowane harafi a mazauninsa, an ja inda ake ja. Yadda liman ya faɗa ranar suna, yadda almajiran mahaifina manya ke faɗa in suna ba da labarinsa. Rabona da in ji sunan nan haka tun ina gidanmu.

Yaron ya tsaya cak, ya juyo a hankali. Alhaji kuwa ya kira, ya rasa abin da zai yi da kiran. Ya gyara hula, ya dubi ƙasa, ya ce, "Zif ɗin jakarka a buɗe yake."

A rufe yake, duk muna gani. Yaron ya ajiye jakar ya dawo har gabansa, ya ce da Hausa, Hausarsa mai ɗingishi, "Baba, sake faɗa."

"Kai, wuce, kada jirgi ya tafi ya bar ka."

Bai motsa ba. Alhaji ya dube ni kamar zan cece shi, na ɗauke kai. Sai ya ɗora hannu a kan yaron, ya sake kiran sunan, wannan karon a hankali, ya ce, "Haka ake faɗa. In sun tambaye ka a can, haka za ka gaya musu, su koya. Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai."

Yaron ya maimaita sunan a bayansa, bai dace ba. Ubansa ya gyara masa. Ya sake, ya matso kusa. Direba ya danna hon, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya jira, sai da aka faɗa daidai sannan ya sake shi.

A hanyar dawowa ni na tuƙa, don ya ce furanni sun sake tayar masa da ido, ga shi kuwa ganye ma ya gama zuba. Mun kusa gida ya ce, "Hajiya, wannan maganar ta tsaya tsakaninmu. Kada in ji ta a masallaci."

Na ce, "Bazazzagiya za ka ba ajiyar asirin Bakano?"

Ya koma ɗakinsa na ƙasa, ya koma kiran matattunsa, yana faɗa da kyaftin a kan kuɗin taba. A gabana har yau "ɗan naki" ne. Amma in yaron ya bugo waya daga teku, Alhaji yakan ɗauka ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya manta cewa ƙofar nan ba ta tare murya. Ni kuma in rage wutar girki in tsaya, don nan ne kaɗai ya rage mini inda nake jin sunan mahaifina.